Surukina Zai Cire Wa Motata Mariƙin Gilashi

Malama Dulcie,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma a gidan nan babu wanda zan tambaya domin duk bakinsu ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi aka ɗora ni kan doki, ban sake zama a benci ba, saboda haka inda harafi ya karkace ki miƙar da shi da kanki. Matata ce ke karanta mana filinki na jarida duk mako muna shan shayi, amma ba ta san da wannan takarda ba, don tana cikin waɗanda nake kawo ƙara. Sunaye na sauya su.

Zan fara miki daga shekarar babban ruwa, saba'in da huɗu, da kogunan arewa suka haɗe suka zama teku guda har aka riƙa kwashe mutane daga garuruwan Normanton da Karumba. In ban fara daga nan ba za ki ɗauka rigimar tsufa ce kawai. A lokacin ina kiwon shanu a wata gona tsakanin Cloncurry da bakin teku, ni da wani abokina da muke kira Snowy saboda farin gashinsa. Ruwa ya fara tasowa, mai gona ya ce a je a buɗe shinge shanu su hau tudu. Snowy ya ɗauki a-kori-kura ya tafi. A hanyar dawowa ya shiga mashigin wani rafi da ko gwiwa bai kai ba da safe. Ruwan ya ɗauke motar kamar gwangwani. Da ya janye muka same ta kwance a kan gefen fasinja, jikin wata bishiya, shi yana ciki. Ƙofa ba ta buɗuwa in ruwa ya danne ta, kowa ya san wannan. Gilashi ne mafita. Nasa kuwa a rufe yake saboda ruwan sama, mariƙin da ake murɗawa ya daɗe da karyewa, da filaya yake sauke shi, filayar kuma ya mance ta a bakin shinge. Ni na tsince ta. Ni na haƙa kabarinsa, ni da wasu mutum biyu da duk sun riga mu gidan gaskiya.

Tun ranar na kafa wa kaina doka. Kafin taya ta taɓa ruwa, gilashi biyu su sauka ƙasa, ko da ruwan bai kai idon sawu ba, ko da ƙudaje za su cinye mu. Kuma da hannu ake sauke gilashi. Hannu ba ya jiran batir.

To, motar da ake rigima a kanta Hayis ce 'yar tamanin da huɗu, irin mai gado da murhun gas a ciki, rufinta yana ɗagawa sama in an yi zango. Na saye ta lokacin da na bar doki na koma tuƙa motar gyaran hanya a ƙaramar hukuma. Ba ta da na'urar sanyi, ba ta da komai mai ƙara ko walƙiya, abin da ya lalace a jikinta kuma da sifana da guntun waya nake gyarawa. Duk rani, da hanya ta bushe, ni da Merle, wato matata, mukan loda ta mu hau arewa zuwa Karumba. Can muke zama cikin sauran tsofaffi masu irin motocinmu har zafi ya fara dawowa, ni ina kamun kifi, ita tana karta da matan zangon tana cinye su. Ba mu taɓa tsallake shekara ba, har wadda aka yi mini aikin ƙugu. A hanya nakan tsaya wurin kabarin Snowy in nome ciyawa. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai kaburbura a gefen hanyar nan, na makiyaya, na wani ɗan Sin mai dafa wa ma'aikata abinci, na wata jaririya, waɗanda gara ta cinye itacen da aka kafa musu tuntuni, kuma ba wanda ya san mai kowanne sai ni. In motar nan ta bar hannuna, sun ɓace ke nan. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba ƙarfe nake wa kuka ba.

Yanzu ga surukina. Gavin mijin 'yarmu Raelene ne, a Townsville suke, aikin ofis yake a tashar jiragen ruwa. Ban ce mugu ba ne. Yana riƙe ta da kyau, jikokina ba su rasa komai ba. Amma mutum ne da bai taɓa ganin abu yana aiki ya ƙyale shi ba. Motarsa magana take yi, in ya matso bango sai ta hau kuka kamar an taka ɗan kare, kujerarta ma da madanni take matsawa. Ranar da ya fara zuwa gidanmu neman aure ya tarar ina faskare, bai ko gama gaisuwa ba ya tambaye ni me ya sa ban sayi inji ba. Tun ranar nake sa masa ido.

Da hutun Ista suka zo. Ina bayan gida ina ba kaji ruwa, na zagayo sai na gan shi durƙushe a jikin ƙofar motar yana ɗaukar hoto da wayarsa. Ya ɗauki ƙofa ta ciki, ya ɗauke ta ta waje, ya ɗauki lambar da ke jikin ƙarfe, har ya leƙa ya ɗauki agogon da ke nuna nisan da ta yi. Na ce lafiya? Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, wai sha'awa ce kawai Baba, irin waɗannan motocin yanzu nemansu ake yi ruwa a jallo. Malama, ki riƙe wannan maganar. Nemansu ake yi. Wa ke nema? Shi ta yaya ya sani in bai je ya duba ba?

Ba a jima ba kwali ya iso ta gidan waya, da sunan Merle a jiki, ba nawa ba, alhali sunana ne a takardar motar. Na buɗe. 'Yan injuna biyu kamar dunƙulen hannu, tarin waya ja da baƙa, madannai, da wasu haƙoran roba da ban ga alamar za su kai damina biyu ba. Da yamma Gavin ya bugo waya, murya fal fara'a, wai kyauta ce, zai zo hutun ƙarshen wata ya cire mariƙan ya saka mana gilashi mai lantarki, daga yanzu sai dai mu danna. Na ce wa ya aike ka? Ya yi dariya ya ce in ba Mama wayar. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, ita tana juya mini baya.

Na kai maganar wurin Clarrie, abokina tun zamanin doki, yana da 'yar gona a bayan gari. Ya saurare ni har na gama, ya ce, kai tsohon banza, an fara auna maka akwatin gawa kana tsaye kana hamma. Wai haka aka yi wa wansa. 'Ya'yansa suka fara da yi wa kwalekwalensa fenti, wai kyautar ranar haihuwa, sannan sabon inji, kafin shekara ta zagayo kwalekwale yana hannun wani ɗan Cairns, shi kuma yana gidan tsofaffi yana kallon teku ta tagar da ba ta buɗuwa. Clarrie ya ce in ka ga yara sun tashi gyara kayan tsoho ba a roƙe su ba, mai saye suke wa gyaran. Clarrie dai bakinsa ba shi da linzami, kuma rabin abin da yake faɗa giya ce ke faɗa, amma wannan ta zauna mini.

Ga kuma wata. Kin san mu da muka haura saba'in da biyar sai likita ya sa hannu duk shekara kafin a bar mu a kan sitiyari. Raelene da ba ta taɓa damuwa da wannan ba, bana ta yi ta tambayata yaushe zan je, wai ko ta zo ta raka ni. Kafaɗata ta dama doki ya taɓa karya ta, in ina murɗa gilashi nakan ɗan yi nishi, ban ɓoye ba. Da Ista na lura Gavin yana kallona ina murɗawa, irin kallon da dillali ke wa saniya mai ɗingishi. Yau a ce tsoho ba ya iya sauke gilashi, an taimaka masa. Gobe a gaban likita a ce ai ko gilashi ba ya iya saukewa, ina shi ina sitiyari? Sannan da Merle ta je musu kwana, an kai ta ganin wasu ƙananan gidaje kusa da su, wai hanya ce ta biyo da su. Ta dawo tana ba ni labarin banɗaki mai ƙarfen dafawa.

Ko an ajiye zargi, aikin kansa bai kwanta mini ba. Ƙofar nan tun da aka ƙera ta waya ba ta taɓa shiga cikinta ba. Sai an huda ta, an huda jikin mota, an zura waya ta inda ƙofa ke buɗewa tana rufewa kullum. Shi a kwalta yake tuƙi. Bai san hanya mai gargada ba, wadda ke kwance noti da kanta, bai san jar ƙurar da ke shiga har cikin gwangwanin sukari a rufe ba. In abin ya tsaya a rabi a tsakiyar daji fa? In batir ya mutu a zango gilashi na buɗe, sauron Karumba na jira? In kuma muka shiga ruwa waya ta jiƙe, wa zan danna wa?

Akwai kuma abin da ba zai gane ba ko na yi masa bayani. A hanyoyinmu in mota biyu suka haɗu tsayawa ake yi, ƙofa da ƙofa, direba na kallon direba. Kana murɗa gilashi kana duban mutum. In wanda ka sani ne, ka sauke duka ka ɗora gwiwar hannu, a tambayi ruwa, a tambayi hanya, a ji wa ya mutu. In baƙuwar fuska ce, ka riƙa murɗawa a hankali, ka tsaya a rabi har ka gama karanta shi. Mutum na ganin kafaɗarka tana motsi ya san ka ba shi lokacinka. Waɗannan na lantarkin kuwa, fuska kawai ke bayyana, sul, kamar ma'aikacin banki.

Sai maganar Merle, wadda ta fi duka ci mini rai. Ki san irin matar da nake faɗa. A daji wanda ke gefen direba shi ke sauka ya buɗe ƙofar shinge ya rufe, ita ta yi mini wannan tun tana amarya, har da ciki, har cikin taɓo, ban taɓa jin ta ce wash ba. Ta taɓa riƙe mini ɗan maraƙi ina ɗinke shi, ya shure ta a haƙarƙari, ba ta sake shi ba. To ba zan ɓoye miki ba, yanzu hannuwanta sun lalace. Ciwon gaɓɓai ya murɗe mata yatsu, murfin kwalba ni ke buɗe mata, saƙa ta daina. Bara a hanya tun daga Cloncurry gilashinta a rufe yake, gumi na bin wuyanta. Na ce ki sauke mana, ta ce ƙura take gudu. Da muka iso wani mashigi mai ɗan ruwa na tsaya yadda na saba na ce a sauke. Ta kama mariƙin da hannu biyu, ya motsa kaɗan ya tsaya. Na fita na zagaya na buɗe ƙofarta na sauke mata, muka ƙetare, na sake fita na ɗaga mata. Ni ban ga wani abu a ciki ba. Na ce da ita duk sanda take so ta yi magana kawai, zan tsaya in zagayo, ko sau nawa ne. Da muka dawo gida na kwance ƙofar na wanke ƙarafan na shafa musu giris, na kuma ƙara wa mariƙin guntun bututu don ya yi tsawo ya yi sauƙi. Ta gwada ta ce yana bugun gwiwarta, kuma har yanzu da zafi. Ni a ganina ba ta gwada da zuciya ɗaya ba.

Ranar da kwalin ya zo na tsare ta a kicin na ce ke kika roƙi Gavin? Ta ci gaba da goge tebur ta ce ita ce, sai me? Na ce ba ga ni ba? Ta ce, kai dai kunnenka na ado ne, shekara hamsin da ɗoriya ina bin ka daji ban taɓa roƙonka komai ba, yanzu da tsufana ba zan zauna ina roƙon iska ba. Ta ce in ba a saka abin nan ba, bana in tafi ni da kaburburana, ita tana gida. Malama, Merle ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Shi ya sa nake ganin ɗora ta aka yi. Sun san in ta ƙi tafiya ni ma ba zan tafi ba, in mota ta shekara a gareji kuwa sai a ce ai ga shi ba a amfani da ita. In na yarda an saka, sun ƙawata ta don kasuwa. In na ƙi, sun zaunar da ita. Ta ko'ina aka biyo su ke da riba.

Wani lokacin in na dube ta tana fama da kofin shayi da hannu biyu, sai in ce anya ba ni ne mahaukacin ba. Sai kuma in tuna hoton agogon nan. Me ya haɗa nisan da mota ta yi da gilashi?

To ki faɗa mini gaskiya, ba na son lallashi. Shiri ake yi mini ko kuwa? Abin nan na lantarki in ya shiga ruwa yana aiki? Kuma matar da kuka tsufa tare za ta iya haɗa baki da suruki a kan mijinta? Kafin amsarki ta fito ba zan zauna a zo a same ni ba. Gobe da sassafe zan tuƙa motar zuwa gonar Clarrie in shigar da ita rumfar ciyawa, in cire batir in rufe ta da tamfol, ya dawo da ni gida. Wanda ya tambaye ni ina take, zan ce tana inda take. Gavin ya zo ya ɗauki kwalinsa ya saka wa ƙofar gareji.

Tsohon Makiyayi, Cloncurry

Baba Makiyayi,

Na gode da takardarka, ko harafi ɗaya bai ba ni wahala ba. Sai dai ka manta da abu guda. Ka sauya sunaye, amma ka bar Hayis 'yar tamanin da huɗu, da Karumba, da bututun da ke bugun gwiwa, kuma ka ce matarka ke karanta muku filin nan. Ke nan yanzu haka muryarta kake ji. Sannu Mama. Ki daure ki karanta har ƙarshe, akwai naki a ciki.

Zan fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita ba kaɗan ba. Na kai tambayarka wurin wani mai gyaran wayoyin mota da ya daɗe yana aiki a kan motocin daji. Ya ce gilashin lantarki kan ɗan yi aiki bayan mota ta faɗa ruwa, amma ba abin da mutum zai jingina ransa a kai ba ne, balle wanda aka ƙara wa tsohuwar ƙofa daga baya. Ya ce tsoronka na ƙura da gargada ma a kan hanya yake. In ba a sa roba a inda waya ta ratsa ƙarfe ba, in ba a sa fiyus ba, wata rana wayar za ta guntule ko ta ɗau zafi. Ba aikin da za a yi a tsakar gida ana bin takardar cikin kwali ba ne. Kuma an yi maka ba daidai ba. Motarka ce. Ba a ɗaukar hoton kayan mutum a ce masa sha'awa ce, ba a aiko da kwali da sunan wani don a zagaye shi. Wanda aka yi wa haka dole ya yi zargi.

Amma har yanzu zargi ne, ba ka kama kowa ba. Hoton ƙofa da lambar jikin ƙarfe, abin da mai sayar da irin kayan nan ke nema ne don ya san wanda zai dace. Hoton agogon ne ni ma ban gano dalilinsa ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa ba. Mai yiwuwa Gavin ya leƙa ya ga yadda ake sayen irinta. Mai yiwuwa Raelene tana kwana da tunanin iyayenta su biyu a hanyar da waya ba ta kamawa, tana so ku matso kusa. In haka ne, tsoro ne ke damunsu, kuma sun kasa faɗa maka kai tsaye kamar yadda ka kasa tambayarsu. Ka tambayi Clarrie, ka tambaye ni, ba ka tambayi 'yarka ba. Ba mai iya sayar da motar da ke da sunanka sai ka sa hannu, likita kuma jikinka zai duba, ba ƙofar motarka ba. Abin da zai ba su hujja shi ne tsohon da ya ɓoye mota a rumfar ciyawa ya ƙi faɗin inda take. In ka riga ka kai ta, je ka ɗauko.

Yanzu maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Dokarka ta ce gilashi biyu. Naka yana sauka, nata ba ya sauka, kuma kai da kanka ka rubuto mini haka. Ka ce za ka zagayo, amma a busasshiyar ƙasa ake zagayowa. Mariƙin da hannunta ba zai iya juyawa ba bai tsare ta daga komai ba, ko a ruwa ko a zafi. Kuma ban yarda ɗora ta aka yi ba. Matar da ta gwammace ta jiƙe da gumi ta ce ƙura take gudu, da ta ce maka ta kasa, ba mai ɗaukar karatu a wurin suruki ba ce. Ta je wurin Gavin ne don ta san amsar da za ka ba ta. Da tana son a sayar da motar, da ta yi shiru ta bar ciwon ya yi mata aikin. Neman a gyara mata mazauninta ta yi.

Ga shawarata. Ƙofarka ka bar ta yadda take, da mariƙinta, ka ci gaba da karanta baƙi a hanya. Ƙofar Mama a saka mata. Mai gyaran ya ce akwai irin da ake ɗorawa a kan sandar mariƙin ta asali ba tare da an cire kayan ciki ba, wasu har da ɗan mariƙin ko-ta-kwana suke zuwa. Ka duba ko na cikin kwalin irinsu ne, in ba shi ba ne a canza. Ka sa a yi madanni biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya inda hannunka zai kai. Ka zaɓi mai aikin da kanka, ka tsaya a kansa, Gavin ya miƙa sukudireba in yana so. Ku sayi 'yar gudumar fasa gilashi ku ɗaure ta a tsakaninku. Sannan, Baba, ruwan da ke gudu a kan hanya kada ka shige shi ko da gilashi goma ne a sauke. Ka fi ni sanin dalili.

Kafin a taɓa ƙofar, ka kira Raelene da mijinta ka tambaye su a gaban Mama, ba kwana-kwana. Kuna shirin sayar da motar nan ne? Kuna so mu koma Townsville ne? Ka bar su su amsa har ƙarshe. In sun ce e, kai ka ce a'a, magana ta fito fili, ta fi wannan zaman na kallon-kallo. Kaburburan kuma nauyinsu ya yi wa mutum ɗaya yawa. Bana ka tsaya a kan kowanne a ɗauki hoto, ka faɗi sunan mai shi, a kai wa masu adana tarihin garinku, don kada su dogara da mota guda da tsoho guda.

Mama, naki kaɗan ne. Kin yi daidai da kika nema, kin yi kuskure da kika bi ta bayan gida. Mutumin nan gani yake ana shirin raba shi da hanya, kuma abin da ya fi tsoro shi ne a ce kina ciki. Ki ajiye jaridar ki faɗa masa da bakinki, kina son tafiyar ko kin gaji da ita. In kin gaji, gilashi ba zai gyara wannan ba, gara ya ji daga gare ki. Kai kuma Baba, duk abin da ta faɗa, ka yarda nata ne, ba na Gavin ba.

Ina yi muku fatan rani mai sauƙi da busasshiyar hanya, ku biyu a gaban motar. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta wa hannuwan Mama.

Dulcie